Kek Mai Araha Ba Abin Kunya Ba Ne, Amma A Duba Kafin A Yanka Wa Yara



A shekarun baya ba kasafai ake jin an yanka kek a gidan Bahaushe don yaro ya ƙara shekara ba. Yau kuwa, daga Gidan Dare zuwa Mabera, Arkilla da Runjin Sambo, kantunan kayan masarufi da gidajen burodi da yawa sun ware akwatin gilashi an jera kek a ciki, ƙanana da manya, masu launin ruwan hoda da shuɗi, ana jiran wanda zai zo a rubuta sunan ɗansa a kai. Al'adar daga Turai ta taso, ta biyo makarantun boko da talabijin, yanzu kuma WhatsApp da TikTok suka ƙara mata mai.

Malamanmu sun yi magana a kan hukuncin bikin zagayowar ranar haihuwa, da yawansu ba su yarda da shi ba. Wannan fage nasu ne, kowa ya koma ga malaminsa. Shafin nan na lafiya ne, kuma kek ya riga ya shiga walimar saukar Alƙur'ani, da suna, da kamu, da bikin yaye ɗalibai. Ko da sunan me aka sayo shi, cikin yara zai shiga.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: uwar da ta shiga kanti ta sayi ƙaramin kek mai sauƙin kuɗi, marar tarin ado, ba ta rage wa ɗanta komai ba. Sau da yawa ma ta fi kyautata wa lafiyarsa a kan wadda ta ci bashi ta yi odar mai hawa uku. Sai dai akwai sharaɗi, wato ta san abin da za ta duba kafin ta miƙa kuɗi.

Inda matsin yake fitowa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin fulawa, sukari, ƙwai da bota ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne, kuma mafi yawan magidanta a unguwanninmu ba ma albashi suke ɗauka ba. A cikin wannan hali ne yaro zai dawo daga makaranta yana cewa an kawo wa wane kek mai hoton mota, uwa kuma ta buɗe waya ta ga ƙawarta ta ɗora hoton nata. Daga nan sai zuciya ta fara lissafin yadda za a fita kunya.

Yaro ɗan shekara huɗu bai san farashi ba. Abin da yake riƙewa shi ne an taru dominsa, an kira sunansa, an yi masa addu'a, an ba shi wuƙa ya yanka. Tsadar kek don idon manya ake yin ta. Idan kuwa har ta taɓa kuɗin cefanen mako, to yaron da aka ce ana faranta wa shi zai biya, da tuwon da babu nama da kokon da babu ƙosai.

Zafin Sakkwato ba ya wasa da abinci

Babban abin da ya kamata mai sayen kek a wannan gari ya ji tsoro shi ne zafi da daɗewa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Hukumomin abinci na Amurka sun rage shi zuwa awa 1 idan zafi ya haura digiri 32, wanda a wurinmu zafin hantsi ne kawai.

Ba duka kek ne haɗarinsu ɗaya ba, a nan ne ma mai araha yake cin riba. Kek ɗin da aka gasa shi sosai aka bar shi haka nan, ba a shafa masa komai ba, yana iya kwana biyu ko uku a rufe a wuri mai sanyi-sanyi bai lalace ba, saboda ruwan jikinsa kaɗan ne. Wanda aka shafe da haɗin bota da garin sukari, abin da masu sana'ar ke kira aisin, yana narkewa a zafi, man kuma yana iya canza wari, amma yawan sukarin yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Wanda ya fi haɗari shi ne mai kirim na madara da aka buga ya yi kumfa, da mai kastad a tsakiya, da wanda aka jera wa yankakkun 'ya'yan itatuwa a kai. Waɗannan dole ne su zauna a firji tun daga hannun mai yi har zuwa lokacin yankawa. Kuma su ne suka fi tsada.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus da ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa ba tare da ta dame su ba. Idan ta sauka a kan kirim daga hannun mai ado, ta sami ɗumi, sai ta hayayyafa ta zubar da guba. Gubar nan ba ta canza ɗanɗano ko wari, sanyin firji daga baya ba ya kawar da ita, dumamawa ma haka. Cikin rabin awa zuwa awa 8 wanda ya ci zai fara amai da murɗawar ciki. Akwai kuma Salmonella, wadda kan biyo ɗanyen ƙwai da wasu ke sawa a haɗin ado. Ita takan ɗauki awa 6 har zuwa kwana 6 kafin ta bayyana da zazzaɓi da gudawa, lokacin an manta da kek, sai a ɗora laifin a kan shawara ko haƙori.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 su mutu, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Babba zai yi gudawar kwana ɗaya ya miƙe. Ƙaramin yaro kuwa ruwan jikinsa yana iya ƙarewa cikin sa'o'i.

Kallon kitse ake yi wa rogo

Kusan duk abin da ya raba kek mai tsada da mai araha a ido, ado ne: kaurin aisin, da lulluɓin sukarin nan mai kama da roba da ake sassaƙa furanni da 'yan tsana da shi, da kala. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke gina jiki. Sukari ne da mai da rini.

Game da kalar abinci, ƙasashen da suka ƙera ta ma sun fara ja da baya. Bayan wani bincike da Jami'ar Southampton ta Ingila ta wallafa a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da wasu kaloli shida, cewa suna iya shafar natsuwa da mayar da hankalin yara. Daga cikinsu akwai ruwan ɗorawar nan mai lamba E102 da ruwan lemo mai lamba E110. A 2022 Tarayyar ta hana sa sinadarin E171 da ake ƙara wa aisin fari da shi. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin wata jar kala da aka daɗe ana sawa a alewa da kek. Ba ana cewa yanka ɗaya zai kwantar da yaro ba ne. Amma a nan, inda ake sayar da kala a ƙulle a leda ba suna ba lamba, hankali shi ne a zaɓi kek mai ƙarancin launi. Idan yaro ya ci ya tashi da harshe shuɗi har washegari, an zuba fiye da kima.

Lissafin sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, in ma so samu ne ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin gram 25, ko ƙaramin cokalin shayi 6. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa wannan gram 25 a matsayin iyaka ga yara daga shekara 2 zuwa 18, ta ce 'yan ƙasa da shekara 2 kada a ba su sam.

Wani bincike a kan kek ɗin manyan kantunan Birtaniya da aka wallafa a 2018 ya samu matsakaicin sukari kusan gram 36 a kowane gram 100. Wato yanka mai gram 100 yana ɗauke da cokali 9. A haɗa da kwalbar lemo irin na kola mai santilita 35, ita ma cokali 9 ce. Cokali 18 ke nan a zama ɗaya, ninki uku na abin da aka yarje wa yaro a yini, ba a lissafa alewa da biskit da cingam da ake ƙullawa a leda a raba ba.

Wani zai ce ai sau ɗaya ne a shekara. Ga ɗanka sau ɗaya ne. Amma ajin da ke da ɗalibi 40, idan kowace uwa ta kai kek da lemo, kusan kowane mako na zangon karatu akwai rabo. A ƙara da na 'yan uwa da maƙwabta da bukukuwa. Abin da aka ɗauka na shekara ya koma na mako, harshen yaro ya saba da zaƙi har ya fara raina kunu da fura. Sakamakon farko a haƙori ake gani, ruɓewa da raɗaɗi da kwanan zaune. Na nesa kuwa ƙiba ce da ciwon sukari, waɗanda ke cika layin asibitocinmu, daga Asibitin Ƙwararru har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnatin tarayya ta sa a Dokar Kuɗi ta 2021 shaida ce cewa matsalar ta kai inda hukuma ta lura da ita.

Ƙaramin kek yana warware rabin wannan matsala da kansa. Idan abin kaɗan ne, yankan ma ƙanana za a yi.

To, ai an ce araha ba ta ado

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina. Idan kayan haɗi suka yi tsada, mai son sayarwa da araha dole ya rage wani abu. Wani zai rage girma, wannan babu laifi. Wani zai rage ƙwai da madara ya cika da kala da turaren abinci. Wani kuma zai sayi man gashi mafi arha da ake yankowa daga kwali ba tare da an san asalinsa ba, ko ya bar kek ɗin da bai shiga ba kwana biyar a gilashi, ya sake shafe shi ya fito kamar sabo.

Maganar man tana da muhimmanci. Akwai nau'in kitsen masana'anta, wanda ake samu idan an daskarar da man tsirrai da sinadari don ya daɗe bai lalace ba. Yana ƙara mugun kitse a jini, yana rage mai amfani, yana toshe hanyoyin jinin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da shi daga abincin duniya. Najeriya ta amsa da dokar mai da kitse ta NAFDAC ta 2022, wadda ta hana shi wuce gram 2 a cikin kowane gram 100 na mai. Doka ce mai kyau, amma aikinta ya fi sauƙi a kan abin da ke da suna da adireshi. Haka aka gani lokacin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta yaƙi sinadarin buromet a burodi: gidan burodin da ke da rajista ana iya zuwa a rufe shi, wanda ba a san inda yake ba kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

Saboda haka amsar ba ita ce a guje wa araha a koma ga tsada ba, domin tsada ba ta ba da tabbacin tsafta. Kek mai hawa uku da aka yi kwana biyu ana yi wa ado da hannu, aka ɗauko shi a Keke Napep da tsakar rana, ya fi ƙaramin da aka gasa yau da safe zama abin tsoro. Abin nema shi ne araha mai asali. Mata da yawa a unguwanninmu suna gasa kek a gida da tsafta da amana, kuma suna da wata fa'ida da kanti ba shi da ita: za ki iya cewa a rage sukari, a cire kala, a gasa ranar da za a ci. Idan kin san mai yi, kin ga ɗakin girkinta, to kin fi mai karanta takarda sani. Idan ba ki san ta ba, kantin da ke da firji mai aiki da kaya masu lamba ya fi kwanciyar hankali.

Abin da za a duba a kanti

Na farko, a tambayi ranar da aka gasa shi. Mai kantin da ya kasa amsa wannan ya riga ya ba da amsa.

Na biyu, idan na leda ne ko na kwali daga masana'anta, a duba lambar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da jerin kayan haɗi. Ledar da ta huje ko ta yi gumi a ciki a mayar da ita.

Na uku, idan mai kirim ne, a sa hannu a jikin gilashin firjin. Fitila tana iya ci alhali firjin ba ya sanyi. A tambayi ko janareto ko sola na riƙe shi cikin dare. In an yi shakka a ɗauki marar kirim.

Na huɗu, a kalli wurin da mai miƙowa. Ƙuda a cikin gilashi, ko hannun da ya karɓi kuɗi ya koma ya taɓa kek, sun isa dalilin fita.

Na biyar, a duba jikinsa: aisin da ya tsattsage ko ya yi ruwa, kalar da ta zubo ta haɗe da wata, warin tsohon mai ko tsami. Idan an ga ɗigon hunhuna ko ɗaya ne, duka za a zubar. A abinci mai laushi saiwar hunhuna tana shiga ciki fiye da inda ido ke gani, yanke wurin ba ya wadatarwa.

Bayan an fito da shi

A sa sayen kek ya zama aikin ƙarshe kafin komawa gida, da safe ko bayan la'asar, kada a bar shi a cikin mota ana zagayen kasuwa. Mai kirim ya wuce firji kai tsaye, a fito da shi dab da yankawa, abin da ya yi saura bayan awa ɗaya a waje a haƙura da shi. Yara su wanke hannu da sabulu, mai yanka ma haka, a raba a faranti ko takardar goge hannu mai tsafta.

Idan za a kunna kyandir, a yanka wa mai bikin nasa a dasa a kai ya hura, maimakon ya fesa numfashinsa a kan rabon kowa, musamman in yana tari ko mura. A cire tsinke da 'yan kwalliyar roba da ƙananan duwatsun sukari kafin a miƙa wa ƙanana, domin suna iya sarƙe su. Jaririn da ya cika shekara ɗaya kuwa ba ya bukatar kek. A ba shi ayaba ko gwanda, manya su ci nasu.

Mai kai kek makaranta ta fara tambayar malamar aji ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, madara ko alkama, ko mai ciwon sukari. Kumburin leɓe ko fuska, borin jini, ko wahalar numfashi bayan cin abu, maganar asibiti ce nan take.

Idan kuma amai da gudawa suka biyo baya, a fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ledar, da tafasasshen ruwa ko mai tsafta, a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa da ba da abinci. Kada a nufi kemis a sayo maganin tsayar da gudawa ko kafso a ɗura wa yaro ba da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Idan ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, ko ya yi laushi ba ya kuzari, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. A kuma sanar da iyayen sauran yaran da suka ci.

Ragowar kuɗin

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. A garin nan ne asibitin yara masu cutar noma yake, cutar da ke cin fuska, wadda yunwa da rashin tsaftar baki ke buɗe wa ƙofa. Al'ummar da ke cikin wannan hali bai kamata ta koya wa kanta auna soyayyar iyaye da tsayin kek ba.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin babba da ƙarami zai sayi kankana da lemon zaƙi da dabino da za su cika tire, a dama zoɓo ko kunun aya a gida da ruwa mai tsafta da ɗan sukari kaɗan, a dafa ƙwai kowane yaro ya samu, har a aika wa maƙwabcin da ba shi da hali. A ƙara da sabon buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a tabbatar an goge haƙori kafin barci a daren. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga masu kanti da masu gasawa kuma, rubuta ranar gashi a jikin kwali ba ya cin ko sisi, kuma amana ce. Ga hukumomin makarantu, ya dace a tsara abin da za a riƙa shigowa da shi aji, don a sauƙaƙa wa iyaye gasa, a sauƙaƙa wa yara zaƙi. Jami'an duba-gari su ma su riƙa leƙa firjin kantuna, musamman a watannin bazara.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.